Ɗinke Wayoyin Kwamfuta da Zare, ko Sanya Musu Mataji?

Ƙanena, ka tambaya ko ka sayi matajan roba da ake jera wayoyi a ciki ko kuwa ka ɗinke wayoyin da zare. Amsata ita ce ka ɗinke su, domin na gwada duka biyun a kwamfutar da na haɗa da hannuna a nan Damagaram, kuma ɗinkin ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Babbar wayar da ke kai wuta daga akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, zuwa babban allon da ake jona sassan a kansa tana da fil 24, wato ƙananan bakunan ƙarfe, kowanne da siririyar wayarsa, an jera su sahu biyu, sha biyu a sama sha biyu a ƙasa. Ta injin sarrafa bayanai tana da fil 8, ta katin hoto kuma 6 ko 8. Idan kowace siririyar waya ta sami rigarta, wato saƙar da ake lulluɓe ta da ita, sai su riƙa bajewa kamar gashin da ba a kitsa ba, shi ya sa ake neman abin da zai riƙe su a jere.

Ni rigar paracord na sanya wa nawa, wato igiyar lailon ɗin nan da ake zare ƴan zaruruwa bakwai na cikinta a zura waya a madadinsu. Da na rasa yadda zan jera su, sai na ɗauke su zuwa wurin kawuna, wanda ya tsufa yana aikin fata a Birni. Bai taɓa buɗe kwamfuta ba a rayuwarsa, amma da ya murza rigar tsakanin yatsunsa sai ya ce saƙa ce, kuma duk abin da aka saƙa allura tana ratsa shi ba tare da ta yanke shi ba. Ya goga bakin allura a kan dutse har ta dakushe, ya shafa wa baƙin zaren lailon kakin zuma, sannan ya riƙa cusa ta ƙarƙashin saƙar kowace riga, waya bayan waya, har sha biyun sama suka haɗu. Daga nan ya sauko sahun ƙasa ya dawo, ya ɗaure ƙullin a tsakanin sahun biyu inda ido ba ya kai wa. Duk bayan faɗin yatsu uku ya sake wani layin. Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi ɗinke wayar a miƙe. Sai da ya sa na lanƙwasa ta yadda za ta zauna a cikin akwatin kwamfutar, saboda sahun waje yana bukatar tsawo fiye da na ciki, kuma in aka ɗinke a miƙe sai gwiwar ta tattare. Daga la'asar zuwa isha'i muka gama, kuma har yau lanƙwasar tana nan yadda ya bar ta.

Dakushe allurar nan shi ne ginshiƙin aikin, domin mai kaifi tana iya huda robar da ke lulluɓe da jan ƙarfen, kuma huji a wayar da ke ɗauke da volt 12 kusa da wata wayar ba abin wasa ba ne. Ka cire wayar gaba ɗaya daga kwamfuta kafin ka fara, kada ka ja zaren har ya shake rigar, sannan in ka gama ka auna kowane fil da na'urar auna wuta kafin ka kunna.

Matajan kuwa suna da sauri, kuma ana iya zame su gaba ko baya, iyakar alherin da zan faɗa a kansu ke nan. Waɗanda na saya ramukansu sun yi wa wayoyina kaɗan, biyu suka tsage tun ina cusawa. In rigar PET ce gare ka, wato wadda aka saƙa da zaren roba, wadda take da tauri da ƙyalli, to ita ta fi karɓar mataji, kuma ƙurar hunturu ba ta kama ta kamar yadda take kama paracord. Saboda ƙurar nan tamu, kada ka zaɓi farin paracord ko da ya burge ka a hoto, ka ɗauki baƙi ko ruwan toka, ka riƙa share shi da buroshi mai laushi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa maka. Wasu masu sayarwa za su rantse maka cewa wayarsu tana shiga kowane akwatin wuta, alhali gefen da ke shiga akwatin ba shi da tsari ɗaya tsakanin kamfanoni. Wayar Corsair tana iya shiga ramin Seasonic daram, amma jerin fil ɗin ya bambanta, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙone ma'ajiyar bayananka. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da waya yana cewa jan ƙarfe ce zalla mai kaurin 18 AWG (ma'aunin kaurin waya ke nan), da na kankare bakinta da reza sai ga farin alminiyum a ƙarƙashin ɗan shafen jan ƙarfe. Irin wannan tana ɗaukar zafi, ga shi kuma a watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40. Ka sa a kankare maka a gabanka kafin ka miƙa ko jaka ɗaya.

Saboda haka ka sayi wayoyin ƙari, waɗanda ake jonawa a bakin wayoyin asali na akwatin wutarka, domin su tsarinsu ɗaya ne a ko'ina. Ka zaɓi masu rigar paracord mai duhu da kaurin 18 ko 16 AWG, ka fara gwada hannunka a kan mai fil 8, in layin ya miƙe maka sannan ka kama babbar.