Wata biyar ina shafa wa farcena magani: abin da na gani

Farcen babban yatsana na hannun dama ya fi shekara yana ba ni kunya. Ya yi kauri, ya koma rawaya, bakinsa yana marmashewa. Man ƙaiƙayi kala biyu na ƙarar a kansa, ko gezau. Da na je asibiti likita ya ce naman gwari ne, wato wata ƙwayar cuta da ke cin farce, ya rubuta min amorolfine mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, irin wanda ake shafawa kamar jan farce. A wani kemis a Sabon Gari na same shi, kuma gaskiya yana da tsada.

Ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fahimtar da ni dalilin asarar da na yi a baya. Ta ce, "Yaya, farce ba fata ba ne. Fata tana karɓar maiƙo, shi kuwa farce ruwa yake sha. Ba ki ga lalle da ruwa ake kwaɓa shi ba?" Shi wannan maganin, a cikin sifirit aka narkar da shi. Ina shafawa, minti uku zuwa biyar sifirit ɗin ya tashi, maganin ya taru a wani siririn ɓawo ya ƙara ƙarfi, ya yi ta ratsa farcen har mako ya zagayo.

Ashe rayuwar kwalbar duk tana cikin sifirit ɗin nan. Da hunturu na bar murfin bai ɗauru ba, na wayi gari ya yi kauri kamar ƙaro. Abin ya yi min ciwo. Ku riƙa rufewa nan take.

Sau ɗaya a mako nake kankare saman farcen, in goge, in shafa sabo. Wata biyu na farko ban ga komai ba, har na fara sarewa. Amma farcen hannu milimita 3 kacal yake fitowa a wata, na ƙafa bai kai haka ba. Yanzu fiye da rabinsa ya fito garau daga tushe.

Abin da ya fi tsaya min a rai alwala ce, tunda ɓawon ba ya fita da ruwa. Sai da na zauna da malamarmu ta Islamiyya kafin na fara, kuma duk mai niyyar saya ya tambayi nasa malamin. Likita ya ce in cika wata shida, saura min ɗaya.