Saƙo daga Grenoble: ranar da aka nuna mini layin masu karɓa

Ƴan'uwana na Maradi, ina yi muku sallama tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Da yawanku kuna tambayata farashin waya da na mota a Faransa, kuma zan ba da wannan amsa wani lokaci. Yau wani abu ne da ya same ni a wurin aikin sa-kai ya sa na zauna rubutu, domin ya tsaya mini a rai, kuma na ga ba ni kaɗai ya shafa ba.

Tun da na zauna a Grenoble, garin da duwatsu suka kewaye a kudu maso gabashin Faransa, na shiga wata ƙungiyar matasa masu yi wa jama'a hidima, irin su Rotaract da aka kafa a Amurka a 1968. Galibin ƴaƴan ƙungiyar ɗalibai ne da waɗanda ba su daɗe da kama aiki ba. Abin da muke yi iri biyu ne: hawan dutse tare da yamma bayan an tashi daga aiki, da kuma kai hannu duk inda ake neman masu taimako ba tare da biya ba. Wata Asabar cikin tsananin sanyi aka tura mu wata cibiyar unguwa inda ake raba wa marasa ƙarfi abinci. Na riga sauran isa, na tsaya a bakin ƙofa ina neman wanda zan gaya wa sunana. Wata dattijuwa mai riƙe da takardar sunaye ta dube ni, kuma tun kafin in buɗe baki ta nuna mini layin da ya miƙe ta gefen ginin, ta ce cikin taushin murya, "Malam, masu karɓa ta can suke bi, kuma sai ka nuna takardar da aka ba ka."

Na ce mata, "Madam, aiki na zo yi, ki duba sunana cikin masu taimako." Ta duba, ta gan shi, kunya ta kama ta, ta yi ta ba ni haƙuri. Da maganar ta tsaya nan da na manta da ita kafin azahar. Amma muna cikin jera gwangwanayen madara da buhunan taliya sai ta tambaye ni daga ina na fito, don ta gyara abin da ya ɓaci. Da na ce Nijar, garin Maradi, sai fuskarta ta washe, ta ce, "Maradi! Na san wannan suna. A 2005 mun tara muku kuɗi, na ga yaranku a talabijin."

Wallahi wannan maganar ta fi ta farko zafi, ko da yake da zuciya ɗaya ta faɗe ta. Karɓar taimako ba abin kunya ba ne, kuma a layin nan na ga Turawa tsofaffi da ɗalibai da mata masu goyo, kowa da jarrabawar da Allah Ya ɗora masa. Yunwar 2005 ma gaskiya ce, iyayenmu sun sha ta, kuma wanda ya taimaka a lokacin Allah Ya saka masa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a idon wannan baiwar Allah, garin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar, garin Alhazan da suka yi suna tun zamanin cinikin gyaɗa, jihar da manomanta suka farfaɗo da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980 har masana na duniya suka riƙa zuwa koyo, duk bai wuce hoton yaro a kan sikeli ba. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutumin Maradi zai tsaya a gefen masu miƙawa ba. Na wuni ina aikin da haushinta, na kwana da shi. Daga baya haushin ya fara komawa kanmu, kuma a kan dutse ne ya koma.

Bari in gaya muku yadda hawan yake. Muna haɗuwa a bakin kogin Isère, mu kama hanyar da ke hawa zuwa Bastille, wata tsohuwar ganuwar soja da ke kan dutse, fiye da mita 250 a saman gari. Akwai ƙwallayen gilashi masu rataye a igiyar ƙarfe da ke kai mutane can, kuma tun 1934 ake hawa ta wannan igiya, amma mu da ƙafa muke zuwa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka mukan wuce gaba zuwa cikin duwatsun Chartreuse. A Disamba kuwa ƙarfe biyar duhu ya fara, sai da fitilar goshi. Kayan hawan sun ba ni mamaki tun a shago. Takalmin da na saya a Decathlon kimanin Yuro 40 ne, wato jika 26 da ƴan kai, kuma fitilar ba ta kai rabin haka ba. Kuɗi ne mai yawa idan aka auna da tocilar da muke saya a babbar kasuwa, amma dokar ƙasar nan ta tilasta wa mai shago garantin shekara biyu a kan sabon kaya, idan ya lalace ba da laifinka ba ka mayar da rasit ɗinka a gyara ko a canja. A gida kowa ya san amsar da zai samu idan ya koma da tocilar da ta mutu bayan sati ɗaya.

Hanyoyin dajin ne suka fi ɗaukar hankalina. Duk inda hanya ta rabu akwai allo mai ɗauke da sunan wuri da nisan da ya rage, kuma a jikin duwatsu da itatuwa an shafa alamun fenti: ruwan ɗorawa ga gajerun hanyoyi, fari da ja ga dogayen da ke ratsa ƙasar, sannan alamar giciye a inda bai kamata ka bi ba. Tun 1947 aka fara wannan tsari. Na ɗauka ma'aikatan gwamnati ne ke yi, sai wata yamma muka iske wani tsoho da ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi yana sabunta alama, kuma jagoranmu ya shaida mini cewa dubban irinsa ne ke kula da hanyoyin nan ba tare da albashi ba, kowanne da yankin da ya ɗauki nauyi. Ba allon da ke ɗauke da sunan tsohon nan, ba mai ɗaukar hotonsa. Haka kuma kuɗin shiga ƙungiya na shekara ya haɗa da inshora, kuma idan wani ya karye a kan dutse, lamba 112 za a kira, jandarmomi ko ƴan sandan da aka horar don ceto a duwatsu su zo, har da jirgi mai saukar ungulu idan ta kama, ba tare da an fara tambayar wa zai biya ba.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Ba ka fita hawa sai ka rubuta sunanka ta intanet kwanaki kafin ranar, kuma idan wuri ya cika ya cika, ko kai ne aminin jagora. An ce ƙarfe shida da rabi, to shida da rabi ake tashi, ba a jiran kowa. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba mai tambayarka gida ko gajiya ko labarin iyaye, kuma mutumin da kuka yi shekara kuna hawa tare zai iya wuce ka a titi da ɗaga kai kawai. Idan an kai sama, kowa ya buɗe jakarsa ya ci abin da ya zo da shi, kuma har yau ban saba ganin mutum yana cin burodi da cuku a gefena bai ce bismilla ba. Wasu sukan fito da kwalbar giya, ni kuma in koma gefe in shimfiɗa rigata in yi magariba a kan dutse mai sanyi. Ba wanda ya taɓa hana ni, har sukan jira in idar, amma a wannan lokacin ne kewar gida ke kama ni sosai. Ina kallon fitilun Grenoble a ƙasa, zuciyata tana bakin Gulbi da la'asar sakaliya, lokacin da masu lambu ke dawowa da kaya a kan amalanke, ko tana fadarmu inda ake dafa shayi har hawa uku kuma baƙo ba ya tashi bai sha ba. Wannan ɗumin zumunci ba su da shi, kuma ba a sayar da shi a shagonsu.

Sai dai fa a wannan fadar da nake kewa mukan zauna tun bayan isha'i har tsakar dare, mu samari goma sha, ga magudanar ruwa a gabanmu cike da leda da yashi, kuma ba wanda ya taɓa cewa a tashi a yashe ta. An kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a Nijar tun 2014, amma ku da kuke gari kun fi ni sanin abin da ke rataye a kan ƙayoyin bayan gari. Da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya sauka a Maradi, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, na ga yadda matasa suka fito suka yi ta ceto da hannuwansu, kuma na yi alfahari da su. Abin da muka rasa shi ne aikin da ake yi tun kafin masifa ta zo, sati bayan sati, ba kuka ba kyamara. Idan aka ce za a share unguwa, tambayar farko ita ce wane furoje ne ya kawo aikin, ta biyu kuma nawa ne kuɗin zama. A raba riguna da huluna, a ɗauki hoto a saka a Facebook, a watse. Ranar 3 ga Agusta mu dasa itatuwa da kiɗa da jawabi, kafin Oktoba awaki sun cinye su domin ba a ɗora wa kowa ban ruwa da shinge ba. Mu da kanmu muka saba wa duniya da ganinmu muna jiran a kawo, sannan mu ji zafi idan wata dattijuwa a Faransa ta nuna mana layin masu karɓa.

Na kira kawuna na ba shi labarin, shi da ya yi Samariya, wato ƙungiyar matasa ta aikin gayya, a zamanin shugaba Seyni Kountché. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, abin da kake yabon Turawa da shi ai mun yi. Da hannunmu muka buga tubali muka gina azuzuwa, ba wanda ya ba mu ko dala." Na ce, "Kawu, to me ya kashe shi?" Ya ce abin da aka rataya a wuyan mai mulki yakan tafi tare da mai mulkin, kuma daga baya aka koya wa yara cewa kowane zama da kuɗinsa. Na yarda da shi. Gayya tamu ce tun kaka da kakanni, kuma ba mu buƙatar kowa ya koya mana tausayi. Abin da na ga sun fi mu a kai shi ne tsari da riƙon amana a rubuce. A dokarsu ta 1901, ko mutum biyu kacal sun isa su kafa ƙungiya. Ma'aikatar magajin gari takan ba ƙungiyoyi aron ɗakin taro. Wanda ya ba ƙungiyar agaji kyauta, ana rage masa kashi 66 cikin ɗari na kyautar daga harajinsa, wani lokaci har 75. Tun 2016 doka ta hana manyan shaguna lalatar da abincin da bai ɓaci ba, ta sa su miƙa shi ga ƙungiyoyi, kuma daga irin wannan ne ake samun wani ɓangare na abin da muke rabawa. A taron shekara na ƙungiyarmu kuwa, ma'ajiyarmu, yarinyar da ba ta kai ni shekaru ba, ta karanta kowane Yuro da ya shiga da wanda ya fita, da rasit a hannu, kuma shugaba ya sauka da kansa da wa'adinsa ya cika. Ƙungiyoyi nawa muka kafa a unguwanninmu da suka mutu a wata na uku, saboda an nemi kuɗin asusu an rasa, kuma kunya ta hana a tambayi ma'aji domin ɗan babban gida ne?

Na san Maradi ba ta da duwatsun Chartreuse, kuma na san halin tsaro a wajen Madarunfa da Gidan Runji bai bar kowa ya yi tunanin yawon daji da dare ba. Amma tafiyar ƙafa tare ba sai da dutse ba, kuma amfaninta a nan shi ne a kan hanya ake sanin juna, a gane wanda ke cika alkawari, a kuma raba aikin Asabar mai zuwa. Ana iya yin haka a cikin gari tsakanin la'asar da magariba, daga unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo a gangara ta tsohon gari har bakin Gulbi, maza da tasu ranar, mata da tasu idan haka ya fi dacewa, kowa da buhu a hannu.

Ga ƙannena na fadarmu da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka rubuto mini suna neman in haɗa su da wata ƙungiya ta nan don ta turo kuɗi, amsata ita ce ba zan yi hakan yanzu ba. Ku zaɓi rana ɗaya a sati da magudana ɗaya a unguwa, ku sayi littafi ku riƙa rubuta sunan wanda ya zo da abin da aka tara, ku naɗa ma'ajin da za ku iya tambaya ba tare da jin nauyi ba, ku kuma sanar da mai unguwa kafin ku fara. Idan damina ta zo ta wuce littafin yana nan ana rubutu a ciki, safar hannu da shebur da fitilun goshi suna wuyana daga albashina, kuma idan Allah Ya kawo ni hutu zan karɓi nawa buhun in bi sahu.