Zagayen Tsohon Birnin Zanzibar da Ɗan Jagora: Abin da Na Samu da Abin da Aka Tsallake

A rana ta biyu da saukata Unguja, babban tsibirin Zanzibar, na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido domin ya haɗa ni da ɗan jagoran da zai zaga da ni tsohon birnin da mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe. Yarjejeniyar ita ce tafiyar ƙafa ta awa uku da safe, sannan ziyarar gonar kayan ƙamshi bayan azahar. Mu shida ne a tawagar, adadin da ya dace da lungunan birnin, waɗanda wasunsu ko mota ba ta iya shiga.

Abin da ya sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba shi ne inda jagoran ya ɗauko bayaninsa. Bai fara da gine-gine ba, sai ya tsayar da mu a bakin teku a Forodhani ya yi mana bayanin iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce ke turo jiragen fatake daga Oman da Farisa da Indiya, kuma ba su da halin komawa sai iskar kusi ta juyo daga kudu bayan wasu watanni. Bafataken da ya yi wannan dogon jira dole ya nemi masauki da masallaci, sau da yawa har da mata, kuma wannan cuɗanya ce ta cika harshen Suwahili da kalmomin Larabci. Da mutum ya fahimci wannan, sai sauran tarihin ya zauna masa daram, domin duk wanda ya mulki tsibirin, mashigar kasuwancin ya zo karɓa.

Daga nan muka shiga tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina a wurin da cocin Turawan Fotugal yake, bayan sun kawo ƙarshen ikonsu a 1698. Jagoran ya bayyana yadda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar a wajen 1840, da yadda arzikin masarautar ya dogara kan kanumfari da hauren giwa da bayi. Bai yi kwana-kwana a kan batun bauta ba, kuma na yaba masa. A harabar cocin Angalika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda Sarki Barghash ya rufe a 1873 bisa matsin lambar Ingila, ya ba mu lokaci mu tsaya gaban mutum-mutumin bayi da ke cikin rami da sarƙa a wuya ba tare da ya hanzarta mu ba. Sai dai kuɗin shiga wurin daban yake, kuma kamfanin bai sanar da mu haka ba tun farko.

Bayaninsa kan zuwan Ingila ya fi komai jan hankalina. A 1890 Ingila da Jamus suka daidaita a tsakaninsu, Zanzibar ta koma ƙarƙashin kariyar Ingila, Jamus kuma ta karɓi tsibirin Heligoland. Da Khalid bin Barghash ya hau karaga ba da yardar Turawan Ingila ba, jiragen yaƙinsu suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agusta, 1896, aka gama yaƙin cikin ƙasa da minti 45, suka naɗa wanda suke so. Duk wanda ya san tarihin Arewa ba zai ji wannan tsari baƙo ba: sarki yana kan gadonsa da rawaninsa, amma hukunci yana hannun Razdan.

Inda hidimar ta gaza shi ne ƙarshen labarin. Samun 'yancin kai a Disambar 1963, da juyin juya halin 12 ga Janairu, 1964 wanda ya kifar da sarautar ya kuma jawo asarar rayuka masu yawa, da haɗewa da Tanganyika (ɓangaren Tanzaniya ta yau da ke kan babban yanki) a Afrilun wannan shekara, duka jagoran ya dunƙule su cikin jimla biyu, alhali mun ɓata kusan rabin awa a shagon wani mai sayar da tsaraba wanda ga alama sun saba. Na fahimci cewa batun yana da nauyi a bakin mutanen tsibirin, amma wanda ya biya domin jin tarihi ya cancanci fiye da haka. Haka kuma takardar tallan kamfanin ta lissafa Beit al-Ajaib, ginin da Barghash ya yi a 1883, cikin wuraren da za a shiga, alhali daga waje kawai muka hango shi saboda gyaran da ya biyo bayan rushewar wani sashensa a Disambar 2020.

Gonar kayan ƙamshi kuwa ta nuni ce ga baƙi, domin mafi yawan kanumfarin Zanzibar a tsibirin Pemba ake nomansa, inda tuddai da ruwan sama suka fi yawa. Duk da haka na ji daɗin ganin bishiyar kanumfari da kirfa da masoro da idona, bayan shekarun da na yi ina shan su a kunu da shayi. Wanda zai sayi tsaraba ya haƙura har ya dawo kasuwar Darajani, inda na tarar da kayan sun fi na gonar sauƙi.