Allurar Depo ko robar mahaifa: wacce ke buɗe ci?

Mata na yawan tambayar ungozoma wacce ce ba ta sa ƙiba cikin waɗannan hanyoyi biyu na tazarar haihuwa.

Depo furojestin ce, dangin sinadarin da ke yawaita a jikin mace kafin al'ada, lokacin da cin abincinta ke ƙaruwa. Ko birai mata haka suke: cinsu kan ragu lokacin sakin ƙwai, ya dawo bayansa. Wasu masu yin allurar kan ƙara nauyi, balle in ga fanke da shayi mai sukari. Ana sabunta allurar duk mako 13, kuma ciki kan jinkirta watanni bayan an daina.

Roba mai jan ƙarfe ba ruwanta da ci, tana kai shekara 10. Aibinta ƙarin jinin al'ada da ciwon mara.

Mai ƙarancin jini allura ta fi dacewa da ita. Mai gudun ƙiba, roba.