Shagon buga afishi da bai raina mu ba lokacin zaɓen 2020

Salamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na koma wani shagon buga takardu da ke bayan babbar kasuwar Maradi don a buga mini katin gayyatar armen ƙanwata, ina shiga sai idona ya kai can saman bango kusa da fanka, afishin ɗan takararmu, wato takardar hotonshi da ake mannawa a bango, na zaɓen shugaban ƙasa na 2020 har yanzu yana nan cikin samfurin aikin da suke nuna ma mutane, launin ya ɗan koɗe amma fuskar tana nan sarai. Wallahi sai da na tsaya shiru na ɗan lokaci. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da wurin nan, mai daɗi da marar daɗi, ko wani zai amfana.

Wanda bai manta ba ya san yadda watan Disamban 2020 ya kasance ma masu buga takardu. Ran 13 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi, ran 27 kuma na shugaban ƙasa da na 'yan majalisa a haɗe, kuma mutum 30 ne kotun tsarin mulki ta amince su tsaya takarar shugaban ƙasa, kowa na son hotonshi ya hau bango. Ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agustan 2019, takarda da tawada da anka saba kawowa daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa sun yi wuya sun yi tsada. Mu kuma jam'iyyarmu ƙarama ce, irin wadda in ka faɗi sunanta a majalisar shayi sai an ce ka sake faɗi. Kuɗin ajiya na miliyan 25 na sefa da kowane ɗan takara ke biya ya riga ya tsotse abin da ke hannun shugabanninmu a Yamai, mu na nan Maradi anka ce mu yi ta kanmu, sai munka haɗa karo-karo, wani jika biyu wani jika biyar, har da wata gwaggo mai saida ƙuli-ƙuli da ta kawo nata a ɗaure cikin gefen zane.

Shago biyu na fara zuwa. Na farko yana jin afishi ɗari uku kawai nake so ya ce in dawo bayan zaɓe, ko kallona bai yi ba. Na biyu ya karɓa amma ya ce sai ya gama da manya, kuma manyan nan oda suke badawa dubbai, da riguna da huluna da bandarol, ka ga kenan babu ranar da za a zo kaina. Ban ga laifinsu sosai ba, kasuwa ce, amma abin ya yi mini ciwo don kuɗin da ke aljihuna na san yadda anka tara su.

A na ukun ne na tarad da Alhaji, mai shagon nan da nake ba ku labari. Dattijo ne marar yawan magana, ya ce zauna ɗana, wace jam'iyya ce, na faɗa mishi, ya ce to nuna mini hoton. Na nuna mishi wanda anka turo mini a WhatsApp, ɗan takararmu da babbar riga yana ɗaga hannu, ga dogon rubutun Faransanci a ƙasa. Ya daɗe yana dubawa sannan ya ce wanga hoton shi ne za ya fito kan takardar ƙuri'a? Na ce a'a Alhaji, wani ne daban. Ya ce to a nemo wancan. Hujjarshi ita ce takarda guda ce za a miƙa ma mai zaɓe da fuskoki talatin jere a kai, tsohuwa a ƙauyen Madarumfa ko Gidan Rumji da ba ta yi lakwal ba fuska za ta nema da alamar jam'iyya, in a bango ta saba ganin mutum da farar hula a takarda kuma ya fito da wata, ta wuce shi kenan. Manyan 'yan takara ba su da wannan damuwa, Bazoum da Mahamane Ousmane ko yaro ya san fuskarsu, namu ne ke iya ɓacewa cikin taro. Wannan shawara ban biya ko dala a kanta ba, kuma duk cikin kwamitinmu ba wanda tunaninshi ya kai nan.

Ya sa anka cire Faransancin anka bar layi biyu da Hausa, anka ƙara girman alamar jam'iyya, ya kuma kira wani almajiri maƙwabcinshi ya rubuta sunan da ajami anka ɗauki hoton rubutun anka sa a ƙasa. Da munka kai afishin nan wajen Tibiri ranar kasuwa na ga dattawa na tsayawa suna karanta ajamin da kansu, ba su jiran ɗan lakwal ya zo ya karanta musu.

Farashi bai yi mini ragi ba, kuma bai ɗora mini don ya ga na matsu ba, abin da ya faɗa ma yaron wata babbar jam'iyya a gabana kan kowane afishi shi ya faɗa mini. Ya karɓi rabi ya ce sauran in na zo ɗauka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layi, littafi gare shi da yake rubuta wanda ya riga zuwa, da wani ya zo da mota yana faɗa yana cewa a ajiye komi a fara nashi, Alhaji ya buɗe littafin ya nuna mishi ya ce akwai mutum huɗu gabanka, kuma ni ina cikin huɗun.

To amma kar in yi ta yabo kamar ba aibi. Kwana uku ya ce mini, sai da anka yi shida. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, gurup ɗinsu, injin ba da wuta, kuma ƙarami ne ba ya ɗaukar babbar na'urar, na yarda da wannan, abin da ban ji daɗi ba shi ne ba mai kiranka ya gaya maka, sai ka biya kabu-kabu ka zo a ce ka dawo gobe, sau biyu ana yi mini haka alhali lambata na cikin littafin. A yaƙin neman zaɓe na sati uku kwana uku ba ƙaramin abu ba ne. Sannan kashi na biyu da anka buga, koren ya fito fari-fari don tawada ta kusa ƙarewa, na nuna mishi, bai yi gardama ba ya sake buga hamsin daga ciki amma sauran haka na ɗauke su don lokaci ya ƙure. Yaron da ke kan kwamfuta kuma yana da hannu wajen tsara hoto amma Hausa da ƙa'idar Faransanci yake rubuta ta, inda za a sa u ya sa ou, inda za a sa c ya sa tch, ƙ da ɗ kuwa babu su sam sai ka tsaya kanshi. Wannan har yau bai canza ba, a katin ƙanwata ma sai da na gyara mishi wuri uku. Wurin da ƙunci, benci guda ne, lokacin zafi ka shirya.

Ɗan takararmu ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba, kamar da yawa cikin talatin ɗin. Mutane na cewa irinmu ɓata takarda kawai muke, ni ban yarda ba. A zagayen farko Bazoum ya samu wajen kashi 39, Ousmane wajen 17, sauran ƙuri'un fiye da kashi 40 suna hannun waɗanda ake ce ma ƙanana da matsakaita, shi ya sa kafin zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021 kowa ya bi su yana lallashi, Seini Oumarou da Albadé Abouba sunka bi Bazoum, Ibrahim Yacouba ya bi Ousmane. Mu nan Maradi ma mun ga Kassoum Moctar, tsohon magajin garinmu, ya tsaya a 2016 da jam'iyyar CPR Inganci kuma mutanen gari sun fito mishi. Wanda ya ba ƙaramin ɗan takara ƙuri'arshi yana da abin da yake son a ji, ni abin da ya kai ni maganar matasa marasa aiki ce da manyan ba su tsaya kanta yadda nake so ba.

Yanzu tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da kuma rusa jam'iyyu da anka yi a watan Maris na 2025, aikin siyasa babu shi a shagon, sun koma katin arme da na suna, kalanda, allon shaguna, takardun makarantu masu zaman kansu. Na tambaye shi Alhaji me ya sa ba ka cire afishinmu ba, ya ce shi ne aiki na farko da ya haɗa boko da ajami a takarda guda, masu zuwa suna gani su ce a yi musu irinshi, har masu maganin gargajiya da masu shagon hatsi.

Katin ƙanwata guda ɗari biyu na karɓa ran Alhamis, kwana guda bayan ranar da ya sa mini, takarda mai kauri, launi ya zauna daidai. In za ku je ku ba da aikinku da sauran kwanaki a gaba, ku ce a buga muku guda ɗaya ku karanta harafi-harafi kafin a saki sauran, kuma ku karɓi lambar yaron kwamfutar ku riƙa kira da kanku kafin ku taso.