Injin Van de Graaff na kan tebur: ku saya, amma ku jira hunturu

Abokan aiki malaman fiziks suna yawan tambayata ko ƙaramin injin Van de Graaff ɗin nan da shagunan kayan kimiyya ke sayarwa a Sabon Garin Kano ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta. Inji ne da bel ɗin roba ke ɗaukar cajin lantarki ya tara shi a kan ƙwallon ƙarfe har ya riƙa tartsatsi. Namu mai ƙwallon alminiyam ne, faɗinsa santimita 20, ana juya shi da hannu. Irinsa za ku nema, domin wanda ke aiki da wuta kaɗai, ranar da aka ɗauke ta darasi ya tashi.

Wahalar koyar da filin lantarki, wato ƙarfin ja ko tunkuɗa da ke kewaye da abu mai caji, ita ce ido ba ya ganinsa. Yara kan haddace E = kQ/r², lissafin ƙarfin filin (E) daga yawan caji (Q) da nisa (r), saboda WAEC da NECO, amma zuciyarsu ba ta kama ba. Da injin nan kuwa, sai in manna siraran yankan takarda a jikin ƙwallon, yaro ya juya hannu, nan take su miƙe cirko-cirko ta kowace fuska, kowanne yana nuna hanyar da ta fito daga tsakiya. Ga kibiyoyin da nake zanawa a allo sun bayyana a gabansu.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne batun nisa. A waje, ƙwallo mai caji yana aiki tamkar an tara cajinsa duka a ɗigo ɗaya a tsakiyarsa, don haka daga tsakiya ake awo, ba daga jikinsa ba. Nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. A jikin ƙwallonmu nisan santimita 10 ne. Ka ja da baya zuwa 20, ƙarfin filin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A 30, ɗaya cikin tara. Dokar da Coulomb ya fitar a 1785 ke nan. Injin ba zai ba ka lambobin daidai ba, amma ɗan dunƙulen takardar alminiyam da aka rataye da zare zai nuna yadda tunkuɗar ke raguwa da sauri.

A cikin ƙwallon kuma babu fili sam. Cajin da bel ya hauro da shi yana gudu ne zuwa fuskar ƙarfen ta waje, shi ya sa bel ke iya ci gaba da ƙaro wani. Dabarar da Robert Van de Graaff ya gina injinsa na farko a kanta ke nan a Princeton, a 1929.

Ku gwada manna allura a samansa. Tartsatsi zai daina, ku ji wani siririn huci, saboda a bakin tsini fili yana tsananta har caji ya zurare cikin iska. Busasshiyar iska tana jure kimanin volt miliyan 3 a kowace mita, wato ƙwallo irin namu ba zai wuce volt 300,000 ba, cajinsa kuma bai fi maikrokulom 3 da 'yan kai ba. Shi ya sa kamun nasa bai wuce tsirar ƙaya ba. Duk da haka mai ciwon zuciya kada ya taɓa, a nisanta wayoyi, a kuma sauke cajin da sandar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa kafin a kai hannu.

Aibinsa a bel yake. Robar ba ta da kauri, zafi yana sa ta saki, kuma shagon da muka saya ba su da ta canji. Ku tambayi wannan kafin ku biya. Ƙura ma tana rage masa ƙarfi, sai an goge ginshiƙinsa da busasshen ƙyalle. A watan Agusta kuwa, laima tana shanye cajin, ka yi ta juyi babu ko ƙyas. Ni na mayar da darasin zuwa Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke ba shi tartsatsin da na bayan aji ma ke jin ƙararsa.