Tsakanin Frantz da The Railway Man, ɗauki na farko

Malam, ka tambayi wanne za ka kalla cikin fina-finan nan biyu na yafiya bayan yaƙi, Frantz da The Railway Man. To, Frantz za ka nema.

Da Hajiyarmu na kalle shi, wani dare da ba wuta, kwamfuta a kan cinyata ina fassara mata rubutun da ke fitowa a ƙasa. Fim ne na 2016 na darakta François Ozon, yawancinsa baƙi da fari. A 1919 ne, a garin Quedlinburg na Jamus, Anna tana kai furanni kabarin saurayinta da aka kashe a yaƙin duniya na farko, sai ta ga wani Bafaranshe shi ma yana ajiye nasa. Da ya je gidan iyayen mamacin, uban ya fatattake shi, wai duk Bafaranshe makashin ɗansa ne. Kwanci tashi, tsohon nan da hannunsa ya miƙa wa baƙon gogen da ɗan nasa yake kaɗawa. A nan Hajiya ta ce in tsayar. Ta jima ba ta ce uffan ba, can ta ce, "Allah sarki, ɗansa yake nema a jikin yaron." Abin da ya kama ni shi ne a kan ƙarya aka ɗora wannan sulhu, kuma fim ɗin bai yi gaggawar wanke kowa ba. Sauran ka gani da idonka.

The Railway Man kuwa, na 2013, faifansa na saya, har yau ina jin zafin kuɗina. Labarin gaskiya ne na Eric Lomax, sojan Birtaniya da Japanawa suka gana wa azaba a aikin layin dogon Tailan zuwa Bama, da tafintansu Takashi Nagase. Colin Firth, da ya fito a matsayin Lomax, ya yi ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba. Amma duka da azaba sun cinye fim ɗin, yafiyar sai dab da ƙarshe aka cusa ta.

Sai ka yi hattara da masu tura fim a waya. Da Jamusanci da Faransanci ake magana a Frantz, wasu kuma za su tura maka shi ba rubutun fassara, ko su canza wa wani fim suna. Ka sa a buɗe a gabanka, a ja zuwa tsakiya da ƙarshe, sannan ka ciro kuɗi.